Bin Sawun Dakta Ummaru Daga Wurno Har Goronyo

Talata: Dinawa zuwa Wurno

Ƙarfe shida saura kwata, ana sallame sallar asuba, na rataya jakata na fito, ko kunu ban tsaya sha ba. Ku 'yan majalisa da kunka dame ni da tambayar inda na shiga kwana biyu, ga shi na rubuta. In kun karanta ku bar ni in huta.

Ummaru na tafi nema. Manyanku sun san shi, ɗan tela na bakin kasuwa, wanda munka zauna benci guda tun aji ɗaya na firamare har aji biyu na sakandare. Nan babana ya rasu, na komo gonar albasa, shi kuwa ya wuce: Sakkwato, Zariya, har ƙasar waje. Shekara talatin da ɗoriya ban sa shi a ido ba, ko wasiƙa. A rediyo na ji wai Dakta Ummaru ya zo da mutanensa na kwana uku, suna ɗibar jinin masu ciwon hanta don su gano abin da ke sa magani ya daina aiki. Ni kuwa shekara shida ina shan maganin hanta, bana idona ya koma ɗorawa, ƙafafu sun soma kumbura. An ce ran Laraba da azahar za shi bar yankin. Ko in riske shi kafin nan, ko in zauna ina kallon ƙafafuna.

Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni a dubu ɗaya da ɗari biyar, yana ta surutun tsadar mai. Bakwai da minti goma muna ƙofar asibiti a Wurno. Babu mota, babu layi, sai wata malamar asibiti tana share baranda.

“Baba, ai jiya sunka gama nan. Yau suna Rabah.”

Baba. Sa'ana ne fa take kira Dakta, ni ta ce mini Baba. Na haɗiye, na tambaye ta ko ya bar magani.

“Shi ba ya ba da magani. Ƙwayar cutar yake bincike, irin wadda ko madubin likita namu ba ya ganinta. Jini yake ɗauka shi tahi da shi.”

“Ya tambayi wani daga Dinawa?”

Ta yi ɗan tunani. “Ban ji ba, Baba.”

Na sayi ƙosai na ɗari biyu a bakin tasha, na ci uku, sauran sun ƙi wucewa.

Wurno zuwa Rabah

Motar Rabah ba ta cika ba sai sha ɗaya da rabi. Mu tara cikin motar mutum biyar, da buhun tafarnuwa bisa ƙafata. Shinge uku munka wuce, biyu na soja, ɗaya na 'yan sa-kai. A na biyu anka sauke mu duka, soja ya dubi katina na ɗan ƙasa ya dubi idona ya ce, “Malam, ba ka da lafiya.” Na ce ai na sani, shi ya sa nake hanya. Ya miƙo mini katin.

Daga nan taya ta yi faci. Direba na kwance yana canji, mu muna tsaye muna kallon daji, don kun san hanyar nan ba wurin tsayawa ba ce. Na ce masa ya yi sauri. Ya ɗago kai ya ce, “Alhaji, in kana da hukahukai bisimilla.”

Uku saura minti ashirin munka shiga Rabah. Tun ƙarfe ɗaya sun tashi, wai masu tsaron da ke rakiyarsu ba su yarda rana ta karkata suna nan. Kuma bayan la'asar babu direban da ke fita. Na tsaya gaban asibitin ina kallon sawun tayar motarsu a yashi, awa wanda zai iya bin shi da ƙafa.

Sai na tuna Gwaggo Hajo, ƙanwar uban Ummaru, da ke aure a garin tun muna yara. Na yi tambaya anka kai ni. Ta tsufa ƙwarai, amma bakin na nan.

“Wa nike gani? Garba mai lissahi? Kai, duniya ta tauna ka ta zubar.”

“Gwaggo, ko gaisuwa ba mu yi ba.”

“Zauna, mi za a yi da gaisuwa. Abokinka nan yaz zauna ɗazu, bisa tabarmar ga. Shi ma ya tsuhwa, sai dai nashi tsuhwan da tabarau.”

Ta sa anka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka, tana ba ni labarinsa. Uwarsa ce mafari. Cikinta ya kumbura, mutane sunka ce sammu ne, anka yi ta jiƙo har ta rasu, shi yana jami'a shekarar farko. Da ya zo gaisuwa ya ce ba sammu ba ne, kawunnansa sunka kusa mari nai. Tun ran nan bai bi wani abu ba sai ƙwayar nan. Ya binciki ta cutar hanta, ya binciki ta ƙanjamau, ya sake komowa ta hanta.

“Shekara goma sha ɗaya, Garba, wai shina kallon yadda abu guda ke canza kama in an ba shi magani. Ba gona, ba gida a nan, ɗiyanshi ko gaishe ni ba su iyawa da Hausa. Nic ce mai, Ummaru, ka gama? Yac ce Gwaggo, in na toshe ma ƙwayar hanya nan sai ta ɓullo can.”

Na so in ji daɗi da na ji ba shi da gona. Ban ji ba. Abin da ke raina shi ne ni nake yi masa lissafi a allo, yana kwafa.

A zauren gidan na kwana. Da asuba ta turo mini ƙunshin daddawa da kuka, ta ce ya manta da shi, in na same shi in ba shi, in ban same shi ba in ci.

Laraba: Rabah zuwa Goronyo

Bakwai daidai munka tashi. Babu mota kai tsaye, sai an komo babbar hanya a sake wata. Can na yi awa biyu a tsaye kafin wata bas ɗin 'yan kifi ta tsaya, dubu uku. Shinge huɗu. Ƙarfe ɗaya saura minti goma na ga Goronyo, da koren gonakin rani da ruwan madatsa ke shayarwa.

Wannan karon motarsu na nan, fara, ana loda mata akwatunan ƙanƙara. Mai gadi ya tare ni ya ce an rufe layi, kwalabe sun ƙare. Na roƙa, ya ƙi. Ban iya cewa ni abokinsa ne ba, bakina ya ƙi faɗa. Sai na ɗaga ƙunshin na ce saƙon gwaggonsa ne daga Rabah, kuma hannu da hannu ta ce. Ya shaƙi warin daddawa, ya matsa.

Yana zaune yana rubutu, furfura ta cinye kansa. Shekara talatin ina shirya maganar da zan gaya masa, mai zafi. Ya ɗago, ya cire tabarau.

“Garba.”

“Ashe ka san sunan.”

Ya taso ya riƙe hannuna da hannu biyu, bai saki ba. Sai ya ja fatar idona ƙasa da yatsa, fuskarsa ta canza. Ya ce wa wata ma'aikaciyarsa ta ɗauko kwalba cikin na ajiya. Ya karanta mini takardar amincewa har ƙarshe, na sa hannu, shi da kansa ya ɗaure mini dantse ya soka allura.

“Kana shan maganin kullum?”

“Ina sha.”

“Garba, kullum nic ce.”

Sannan na gaya masa gaskiya: ƙanena Shehu, shekara uku da sunka wuce shi ma idonsa ya yi irin nawa, ya ƙi asibiti. Ɗaki na kallon ɗaki. Ta yaya zan haɗiyi magani shi yana kallo? Sai munka raba, yau ni, gobe shi.

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya zauna ya dafe goshi.

“Wurno na ji wagga magana, Rabah na ji ta. Shekara da shekaru ina ganin abin ga a na'ura, ƙwaya ta canza, magani ya bar kama ta, ina ta rubuta takardu. Ran da ba ka sha ba, Garba, hutu ka ba ta. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyafa.”

“To na kashe kaina ke nan, na kashe Shehu.”

“Ban ce ba. Sai na duba jinin ga tukuna. Akwai wani magani da yah hi wanga ƙarhi. Amma kowa da nashi, kuma kada ka tsaida sha.”

Ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani likita a Sakkwato, da sunana da na Shehu, ya ce kada mu wuce mako. Sakamako kuma sai bayan wata biyu, ta hannun likitan. Direbansu na ta yi masa hon a waje. Na ce, “Yaushe za ka zo Dinawa?” Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba. Na ji daɗin wannan fiye da in da ya ce baɗi.

Minti ashirin da biyar munka yi, na duba agogo. Ya rungumi ƙunshin daddawa ya shiga mota. Kwalbar jinina na cikin akwati a baya, lamba ce a jikinta, ba suna. Za ta hau jirgin da ban taɓa hawa ba, ta zauna ɗakin binciken da yake wuni a ciki. Na tsaya har sunka sha kwana.

Komowa gida

Biyar da rabi na sauka Dinawa. Shehu na zaune ƙofar gida yana gyaran igiyar rijiya.

“Yaya, ka same shi?”

“Na same shi. Wanke rigarka, jibi muna Sakkwato, ni da kai. Kuma kada ka ce mini a'a, ba ni da ƙarhin gardama.”

Ya dube ni, ya ajiye igiyar, ya shiga neman sabulu.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya maido ni. Na gode wa direbobi, har mai baƙar magana, da Gwaggo Hajo da tuwonta. Ummaru kuwa ban yi masa godiya ba, har motar ta tashi ban tuna ba. In wani cikinku na da hanyar da takardar ga za ta kai gare shi, ya aika masa. Ya ce Garba ne.