Ranar da Muka Tsaya Mu Shida

Na bar asibitin kuɗi a Gusau ne saboda mai shi, wani Alhaji da ke ganin zaman nas a kujera kamar sata. Na koma na gwamnati a wajen Tsafe, wai ni mai wayo.

Mu shida ne a ɗakin mata: biyu da safe, biyu da yamma, biyu su kwana. Hutu kuwa sai dai ki ji a bakin wasu. Inna tana kwance a Nahuce da ciwon ƙafa, wata uku ban leƙa ta ba. Mun rubuta takarda har mun gaji, muna roƙon a ƙaro mana ma'aikata.

Rannan aka ce wani babba zai zo daga Gusau ya gani da idonsa. Shugabarmu Hajiya ta ce, “Baƙo ba zai same mu a wulaƙance ba.” Ta tara mu duka shida, har da waɗanda suka kwana aiki. Muka goge fararen kaya, muka wanke daɓe. Marasa lafiyar da ke kwance a tabarma don rashin gado aka lallaɓa da su bayan ɗaki, gindin dalbejiya. Har kaza aka soya masa.

Ya shigo ya tarar da ɗaki fes, nas shida reras kamar 'yan rakiyar amarya. Ni ya tambaya, “Malama, aikin bai yi muku yawa ba?”

Ƙafafuna a kumbure suke, da ƙyar takalmi ya shiga. Amma me wannan bakin nawa ya ce? “Alhamdulillahi, ranka ya daɗe, muna ƙoƙari.” Har da murmushi. Haka aka rene mu, ba a kai wa baƙo kuka. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Bayan sati biyu takarda ta iso. An ga ma'aikata sun yi mana yawa, an ɗauke biyu an kai Bunguɗu. Hajiya ta ce, “Amma fa ya yaba da tsafta.”

Na kira Inna na ce ba wannan watan ba. Ta ce ba komai, ƙafar ma da sauƙi, alhamdulillahi. Na san irin wannan sauƙin. A wurinta na koya.