Baba Kana-Nan, Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa

Kafin motar farko ta tashi daga tasha, shi ya riga ya cika tankin ruwa, ya wanke banɗakunan haya, ya jera butoci. Sai ya zauna a bencinsa, rediyo a cinya, ido a kan ƙofofi. Duk wanda ya shiga ya daɗe zai ji an ƙwanƙwasa: "Kana nan?" Da haka sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take tsokanarsa.

Zagi kam ya sha. "Haba Baba, mutum ba zai yi uzurinsa a natse ba?" Sai ya ce, "Tunda kana da bakin faɗa, ci gaba da abinka."

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara da shekaru rediyon nan yana faɗin yadda masu mutuwa sanadin shan ƙwaya fiye da kima ke ƙaruwa a ƙasar, shi kuma yana ganin labarin a bakin tsintsiyarsa. Da farko kwalaben maganin tari yake sharewa, daga baya ledojin ƙwayoyi, can sai ga allurai. Ranar da ya tarar da gawar wani fasinja a bayan ƙofa, kunya ta fita daga idonsa. Ya je ya roƙi wata nas ta koya masa yadda ake kwantar da mutum ta gefe kafin a kai shi asibiti.

Daga nan, duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba sai ya ɓalle ta. Mai wurin bai so ba. "Baba, ƙofofina ba itacen girki ba ne. Ka sake ɓalle ɗaya, ka nemi wani aikin." Ga iyali, ga tsufa, waye zai ɗauke shi?

Ba a jima ba wani bakanike ya shiga da rana tsaka. Baba ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya kara kunne, ya ji wani irin minshari da ba na barci ba. Direbobin da ke wurin sun ce sai da ya dubi ofishin maigidan, ya ce bisimilla, ya sa kafaɗa. Leɓen mutumin har ya fara baƙi. Aka yi asibiti da shi, da yamma aka sallami Baba. Washegari direbobi da mata masu abinci suka yi yajin shiga banɗakunan, kowa ya riƙe cikinsa, har sai da maigida ya aika a ba Baba haƙuri ya dawo bakin aikinsa.

Bakaniken yau yana da garejinsa da 'yar jaririya. Shi ya zo da mota ranar da gwiwoyin Baba suka ce ya isa haka, ya kai shi gida yana share hawaye. A hanya rediyo ya ce mace-macen sun fara raguwa. Baba ya yi hamdala, ya ce, "To, a bar ni in huta."

Kai ne mai gadin da ba a sa ba, Baba. Kai ka zaɓi a zage ka da a yi makoki. Babu wanda zai lissafa ka cikin dalilan raguwar nan, amma mu mun sani, kuma mun gode. Allah ya saka, ya ba gwiwa lafiya.

Mu kuma da muka rage, in naka ya shige ɗaki ya yi shiru, kada kara ta riƙe maka hannu. Ƙwanƙwasa. In bai amsa ba, ɓalle. Ƙofa dai kafinta yana gyarawa.