Murhun Inna Kande

Ba a kiranmu sai gini ya tashi. Wannan shi ne ƙorafina, kuma ba zan shafa masa zuma ba. Namiji zai sayi bulo, ya kira magini, ya kira kafinta, su tsaya a fili suna nuna inda ɗakin girki zai zauna, alhali a cikinsu babu wanda ya taɓa tuƙa tuwon da zai ishi ko akuya. Sai an rufa kwano sannan a tuna da mu masu murhu, a ce mu zo mu ga inda za mu raɓa. Ita kuwa matar da za ta ƙare kwanakinta a ɗakin, galibi sai ranar tarewa take ganinsa.

Ku da kuka shigo ƙungiyar nan daga baya kun sha jin wannan faɗa a bakina, har wasunku na kirana Talatu Masifa in na ba da baya. Ina sane. To yau ku gyara zama ku ji mafarinsa. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na tsaya tsakanin Inna Kande, Allah ya ji ƙanta, da ɗanta ba, a wani ƙauye gabas da Ɗambatta.

Lokacin ban daɗe da fara fita aiki ni kaɗai ba. Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, can na koyi karatu da riƙe tef ɗin awo, daga nan ƙungiya ta koya mini ginin murhu mai bututu, wanda ke fitar da hayaƙi waje ya kuma rage cin itace. Bayan an gama kaka shugabarmu ta kira ni ta ce wani Alhaji Sabo, mai sayar da hatsi a Dawanau, yana gina wa mahaifiyarsa gidan siminti. Babban maginin, Malam Garba, ya saba aiki da mu, shi ya ce a turo mace ta duba wajen girki.

Ga wadda ba ta san aikin ba, ga yadda yake. Kafin ki ciro tef, sai kin je gidan da matar take kin zauna tun daga surfe har kwasar tuwo. Ki ga a zaune take girki ko a tsaye, da wane hannu take iza wuta, baki nawa take ciyarwa. Sannan ki koma sabon gini ki duba iska. Ƙofar ɗakin girki ba ta kallon gabas, don ta nan ruwan damina ke bugowa. Taga a sama take, inda hayaƙi ke taruwa. Randa nesa da wuta, kara da itace inda feshi ba ya kaiwa, magudanar wanke-wanke ta gangara waje. In matar tana daka, rufi ya yi tsawon da taɓarya ba za ta doke shi ba, gindin turmi kuma a bar shi ƙasa, don siminti fashewa yake yi.

Haka na yi. Na sami Inna Kande a tsohon gidanta na ƙasa, daf da sabon ginin. Tsohuwa ce gajeriya, yanar ido ta rufe rabin ganinta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, gabanta duwatsu uku da wata tukunya da za ta iya cinye ni. Ba ta duban wuta, tafin hannu take karawa ta ji zafin, ta saurari ƙarar kara ta san ko ya kama.

Na ce, "Inna, ke kaɗai ce a gidan nan, wannan uwar tukunya fa?"

Ta ce, "A ɗaki nake ni kaɗai, 'yar nan, ba a gari ba."

Da ta kwashe na ga abin da take nufi. Kwano ya tafi wa ƙanin mijinta da ba shi da mai dafa masa, kwano ya bi ta kan katanga zuwa ga Ladi maƙwabciyarta mai jego, akushi ya tafi wa leburorin gini. Kowa a unguwar ya san hannunta a miyar kuka. Da na ciro tef zan auna tsawon kujerarta ta bushe da dariya.

"Ikon Allah! Yanzu har murhu sai da boko? Ni da ƙafa na tura duwatsun nan ranar da aka kawo ni, ga su nan har yau ba su yi yaji ba."

Mun yi hira sosai. Amma da na ce ta faɗa mini yadda take son ɗakin girkinta na sabon gida, sai ta sunkuyar da kai ta shiga kankare muciya.

"Mai ginin ya san abin da yake yi."

Na ce, "Alhaji Sabo?"

Ladi ce ta ja ni gefe ta ce in daina kama sunan a gabanta, ɗan farinta ne. Kun san al'adar. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe shi ko allura ba. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan na Kano."

Daga nan na shiga sabon ginin. An saka ɗakin girki a cikin gida, tsakanin falo da ɗakin kwana, da 'yar taga ta gilashi. An riga an zuba kanta ta siminti a jikin bango, tsawonta ya kusa kai wa Inna ƙirji.

Na ce, "Malam Garba, da ƙugun wa aka auna wannan?"

Ya ce, "Da nawa mana, Injiniya."

"To madalla. Kai za ka riƙa zuwa kana tuƙa mata?"

Ya ɗaga hannu ya ce shi abin da mai gida ya ce ya yi, in jira shi ranar Juma'a.

Ina so ku riƙe wannan da kyau: Alhaji Sabo ba mugu ba ne, ba kuma mai girman kai ba ne. Ya saurare ni har na gama. Na ce a bar wannan ɗakin ya zama na ajiya, a yi mata rumfa a tsakar gida, in gina murhu mai bututu daidai zamanta. Ya girgiza kai.

"Malama Talatu, tun ina yaro ban taɓa ganin idonta a bushe a gaban wuta ba. Da na kai ta asibiti a Kano, likita ya ce hayaƙi ya taimaka wajen lalata shi. Na yi wa kaina alkawari, in Allah ya hore mini, ba za ta ƙara hura kara ba. Gas zan sa mata."

Na ce, "Murhuna ba ya hayaƙi a fuska. Kuma tsohuwa ba ta tuƙa tuwo a tsaye, Alhaji. Za ka raba ta da hayaƙi ka raba ta da girki gaba ɗaya."

"Ita ta ce miki haka?"

Na ce ba ta ce ba, idona ne ya gani.

"To mu je. In ta faɗa da bakinta, ko a ina take so a nan za a yi."

Da gaske yake. Muka tafi tare, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta ya cire takalmi ya gaishe ta. Ita kuwa tana jin muryarsa ta ja mayafi ta juya fuska ga bango. Na tsaya a tsakiya kamar turken akuya. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ga gas a cikin gida, ga murhu a tsakar gida, wanne take so. Shiru. Na sake faɗa. Na ga yatsunta suna murza bakin zane. Wallahi na san amsar, ita ma ta san na sani. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, kuma ni take wa magana ba shi ba:

"Ki ce masa Allah ya yi albarka. Duk yadda aka yi daidai ne."

Alhaji ya ce amin, idonsa ya cika da ƙwalla don daɗi. Ya dube ni ya ce, "Kin ji ko?"

Na ji. Na yi faɗa a hanya, na yi faɗa a gaban Malam Garba, na ce kunya ce ta yi magana ba Inna ba. Alhaji ya ce shi ba zai ƙaryata mahaifiyarsa ba. Na kai wa shugabarmu, ta ce mai gida ya yanke, mai girki ta amince, mu ba mu da ta cewa. Abin da na iya ƙwatowa bai wuce gurbin randa da 'yar kanta ta ƙasa don kwanuka ba. Aka shimfiɗa tayil, aka kafa durowa can sama inda ko ni sai na yi ɗage, aka kawo tukunyar gas daga Kano. Kafin bazara Inna ta tare. Tsohon gidan da ma ya tsage, aka baje shi aka shuka gyaɗa a wurin.

Ƙa'idar aikinmu ce a koma duba kowane gida in damina ta zauna, a ga ko ruwa na shiga, ko wani abu ya tsage. Ban gina murhu a gidan ba, amma na koma. Na yi sallama, na tarar da tsakar gida tas, ba toka, ba ƙaiƙayi, ba kaza ko ɗaya mai tono. Na leƙa ɗakin girki, tayil na ƙyalli kamar ranar da aka sa shi. Uwar tukunyar nan tana kife a ƙarƙashin kanta, gizo-gizo ya yi saƙa a kunnenta.

Inna na zaune a bakin ƙofa, ta rame har wuyanta ya fito, ƙaurinta ɗaure da bandeji. Ta gane muryata.

"Mai tef ce? Shigo, sai dai ba ni da abin ba ki."

Na tambayi ƙafar. Ta ce ba komai. Ladi ce ta ba ni labari. Sau ɗaya Inna ta gwada girki a kan gas ɗin. Ladi ta kunna mata, amma wutar gas shuɗiya ce, Inna ba ta ganinta, ba ta jin ƙararta yadda ta saba. Ta taka kujera don ta kai, ta sa muciya, tukunya ta sulɓe, talge ya zubo mata. Su Ladi suka kai ta ƙaramin asibiti, ta sa suka rantse ba za su gaya wa na Kano ba. In ya zo sai ta sa dogon zane ta zauna a cikin ɗaki.

Muna cikin magana aka miƙo kwano ta kan katanga. Ladi ta karɓa ta ajiye a gabanta. Inna ta shafa murfin, ba ta buɗe ba.

"Kin gani, 'yar nan? A da daga nan kwano yake bi ta can. Yanzu ta nan yake zuwa. Ƙanin marigayi maigidana ma ban san wa ke ba shi ba."

Na ce, "Inna, duwatsu ba su ƙare a duniya ba. Me ya hana ki jera uku a can gefe?"

Sai ta nuna bangon gidan da haɓa, fari fat da sabon fenti.

"Baƙin hayaƙi a jikin bangon can, ai magana ce. Yana shigowa zai karanta. Abin da bakina bai faɗa masa ba, ba zan sa bango ya faɗa ba. Ya yi murna da ginin nan, a bar shi da murnarsa."

Ni ba mai kuka ba ce, kun sani. Ranar sai da na fita waje na tsaya cikin gyaɗar da aka shuka a kan tsohon murhunta.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. A ƙasarmu mai biyan gini da mai amfani da shi sau da yawa mutum biyu ne da suke ƙaunar juna amma ba sa iya magana da juna. Ɗa ba zai musa wa uwa ba, uwa ba za ta ƙi kyautar ɗan fari ba, haka za su zauna kowa na kare zuciyar ɗan'uwansa har ɗayan ya bushe. In an ce miki "duk yadda aka yi daidai ne," kada ki ɗauka an ba ki amsa. Kuma wani lokaci gidan ba murhu kaɗai yake nema a wurinki ba, yana neman bare mai kaurin fuska wadda za a ɗora wa laifi kowa ya huta. Inna ba ta ga wata daminar ba. Watannin da suka rage mata ba su da yawa, kuma mafi yawansu an riga an cinye su a bakin ƙofar nan.

Kafin in tafi na ce mata, "In ya zo ya ga hayaƙi, ki ce Talatu ce, ta zo da masifarta ta yi, kin hana ta ƙi ji." Na yi mata sallama na fita.

Washegari da sassafe na ari amalanke, na loda yumɓu da ƙaiƙayi da bututu da ragowar kwanon rufi, ban bi ta wurin shugaba ba, ban aika wa Alhaji ba. Na sauke a tsakar gidan, na ja layi da ƙafa inda nake ganin ya dace, na fara kwaɓi. Inna tana bakin ƙofa tana sauraron ƙarar shebur. Na ɗora curin farko ke nan na ji ta yi gyaran murya.

"Ba nan ba, 'yar nan. Matsa da shi gindin katanga. Nan hantsi ke fara sauka."