Shaidun da Na Kai Bagudo Kan Murhun Ɓuntu

Ko na manta da ranar aurena, ba ni mantawa da ranar da na cika mota da shaidu na kai su Bagudo don gwamnati ta san ni, Kulu, na ƙago murhun ɓuntu. Ku matan ƙungiya na yanzu a bakin Hajo kunka ji labarin, kuma Hajo taubashiyata ce, ba ta taɓa ba da labarina ba ta ƙara mishi gishiri ba. To yau ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin ni ce shugabar ƙungiyar mata magina ta Lolo. Shugaba ita ke raba wurin ɗibar yumɓu, ita ke sa ranar toya tukwane, ita ke zuwa ofis in an yi kira. Sama da ni akwai Malam Bello, jami'in da ke kula da ƙungiyoyi a sakatariyar Bagudo, mutum mai haƙuri, don ya daɗe yana aiki da ni.

Itace ya yi tsada a shekarun nan, ga ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi bayan injin casa, masu injin har wuta suke sa mishi don ya ba su wuri. Sai na zauna na yi ta gini ina rushewa har Allah ya ba ni sa'a. Murhun bango biyu gare shi. Na ciki yana da hudoji, ana zuba ɓuntu tsakaninsa da na waje, iska na shiga ta ƙasa. In wuta ta yi sanyi ki ɗan ƙwanƙwasa gefensa da muciya, ɓuntu ya zubo, ta tashi. Duk sirrin yana ga girman hudojin da yadda sunka karkata, kuma daga waje ba a ganinsu.

Ranar kasuwa na kai shi, mata sunka yi mini zobe. Can sai ga Hajo ta kutso, ta zagaya shi, ta taɓe baki, ta ce wai in ji tsoron Allah in faɗi gaskiya, daga ƙetare na sayo shi, don kan da bai iya riƙe sunayen jikokinsa ba ba ya ƙago wannan. Ƙetare kuwa ƙasar Binin ke nan, ga ta nan kusa da mu. Wasa take, na sani. Amma a gaban kasuwa ta yi shi.

Na aika anka kawo yumɓu da ruwa, na ɗaure zane, na zauna tsakiyar kasuwa na gina murhu tun daga gindi har baki, ina yi ina bayani. Da na gama na ɗauki taɓarya na fasa wani toyayye, na ɗaga ɓallen ina nuna ma kowa hudojin. Anka yi guɗa. A cikin masu kallo har da Sani mai walda, ya harɗe hannu, bai ko ƙifta ido ba.

Kafin a yi girbi sai ga murhuna na ƙarfe a ƙofar shagon Sani, an shafa shuɗin fenti, an rubuta sunansa ɓaro-ɓaro. Yana gaya ma mutane wai a mafarki anka nuna mishi. Cinikin bai dame ni ba, ɓuntu ya ishi kowa. Sunan ne ya tsaya mini a wuya. In na mutu, jikokina su ji ana cewa murhun Sani?

Na kai kuka wurin Malam Bello. Ya ce akwai takardar da ake bayarwa daga Abuja, ta haƙƙin ƙirƙira, wadda in mutum ya samu, shekara ashirin ba mai ƙera abinsa ko ya sayar sai da izininsa. Ya ce wata lauya za ta zo daga Birnin Kebbi ta taimaka ma ƙungiyoyi, in zo da murhun. Murhu kawai ya ce. Amma ni na san duniya. A wurinmu ko akuya ce ta ɓata, ko iyakar gona ta rikice, mai shaidu shi ke da gaskiya. Sai na ɗauki shatar mota.

Lauyar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autata ba, mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta juya murhun, ta leƙa, ta yaba, na ji daɗi. Ta yi mini bayani cewa ana duba abu uku: ya zama sabo, ya zama ba abin da kowane magini zai iya tunaninsa da sauƙi ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi amfani da shi. Na ce duka ukun ni ce. Sai ta ɗauki biro ta ce, "Mama, ban da ke, akwai wanda ya taɓa ganin cikinsa?"

Na ce, "Ɗiyata, abin da na zo da shi ke nan." Na leƙa ƙofa na yafuto shaiduna.

Wakilin sarkin kasuwa ya fara. Ya rantse cewa a gabansa na gina shi, kuma ranar kasuwa ta cika har ba wurin aje ƙafa. Na ga biron lauya ya tsaya. Gado mai kwalekwale ya karɓa, ya ce shi da hannunsa ya sha ƙetarar da murhuna, babu ƙauyen bakin ruwa da bai kai ba, wannan gefe da wancan. Sai Fati, wata maginiya da na sa anka ɗauko tun daga ƙetare, ta ce Allah ya saka ma Inna Kulu, ita ta koya mata, ita kuma ta koya ma duk matan garinsu. Hajo ta rufe da labarin taɓarya, har tana kwaikwayon yadda na ɗaga ɓallen. Ni ko ina zaune ina gyara mayafi, ina jiran a ce shari'a ta ƙare.

Lauya ta aje biro ta dafe kai. Malam Bello ya juya yana kallon taga, yana danne dariya.

Ta ce, "Mama, sabo a wurin doka shi ne abin da jama'a ba su gani ba kafin ranar da aka shigar da takarda. Ke kuwa kin nuna wa kasuwa guda. Ko an ba ki takardar, ranar da kika kai Sani kotu, ba sai ya nemi shaidu ba. Naki zai kira."

Ta ƙara da cewa takardar Najeriya ma ba ta ƙetare iyaka, su Fati tasu dokar daban. Na ce wato da na ɓoye shi ƙarƙashin gado kamar kayan sata da an ba ni, amma da na yi shi da rana tsaka gaban Musulmi na rasa? Ta ce haka ne, a fara rajista, sannan a yi guɗa. Hajo ta yi dariya har sai da ta zauna ƙasa. Ni da na biya mata kuɗin mota.

Na ɗauki murhuna zan fita sai yarinyar ta tsai da ni. Ta nuna wani zane a wuyansa ta ce mene ne wannan. Na ce bakin munduwar uwata ne, tun ina budurwa nake danna shi a kan duk abin da na gina. Ta tambayi shaidu da wane suna ake neman murhun a kasuwa. Sunka haɗa baki: murhun Kulu. Fati ta ce su ma can haka suke ce mishi. Nan fuskar lauya ta washe. Ta ce ginin ya riga ya zama na kowa, amma suna da tambari ana yi musu rajista daban, kuma a nan shaiduna ba su ɓata komi ba.

Aikin ya ɗauki lokaci. Sai an bincika ko wani ya riga ka, a buga sanarwa, a jira ko akwai mai ja, sannan takarda ta fito, kuma ana sabunta ta. Kafin ta iso, Sani ya gaji da matan da ke zuwa shagonsa suna tambayar murhun Kulu suna wucewa, ya goge sunansa ya rubuta nawa. Malam Bello ya taka har shagon ya gaya mishi cewa ƙarfe nasa ne, ya ƙera abinsa, amma wannan suna yana da mai shi.

Sani ya zo gidana da goro, ya tuɓe takalmi tun daga zaure. Ya ce, "Inna, a yi mini aikin gafara." Na ce na yarda ya sa sunana, bisa sharaɗi biyu. Duk murhun da zai fita sai wata daga ƙungiya ta duba hudojinsa, don kada hayaƙinsa ya ɓata mini suna. Sannan ranar kasuwa ya tsaya daidai inda na zauna, ya gaya ma jama'a wa ya gani a mafarkin nan. Ya tsaya kuwa, ya ce Inna Kulu ya gani, kuma ido biyu.

Abin da aikin nan ya koya mini, mu magina mun saba hannu shi ke ba da shaida, a yi a gani. Ita doka tana son ki riƙe bakinki har takarda ta shiga, kuma wannan ya fi ginin wuya. In ɗayanku ta ƙago wani abu, ta je ofis ita kaɗai, ta bar taubasanta a gida.

Yanzu haka akwai wani tulu da nake gini a ɗakin baya, na sa kwaɗo. Kullum Hajo sai ta zo ta tsaya bakin ƙofa ta ce daga ƙetare na sayo shi. Ni ko in ce mata, awo, daga can ne.