Bashin Gwamnati Ba Ya Shiga Dami

Aikina na farko a Lyon tsinta ce, kamar ta shinkafa. Kamfanin yana ba mutane bashin sayen mota. In basussukan sun taru, sai ya ɗaure su dami guda ya sayar wa masu kuɗi, su riƙa karɓar biyan wata-wata. Amma kwantiragin ya ce bashin da gwamnati ta ci ba ya shiga damin. Na ma'aikatar magajin gari, na asibitin gwamnati, duk a fitar. Ni ce mai fitarwa, ni kaɗai a ɗaki marar taga. Da yamma in koma unguwarmu, Minguettes, in ci abinci a tsaye.

Wata rana na ci karo da dosiye, wato takardun bashi, na wani gidan tsofaffi, na rasa ko na gwamnati ne. Shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya ce in kira lauyar kamfanin a Paris. Da na faɗi sunana sai matar ta jefo mini tambaya.

"Ke ƴar ina ce?"

"Damagaram."

"Ikon Allah! Ni ta Maraɗi ce. Ina kwana, ƙanwata?"

Tun zuwana Faransa ba wanda ya ce mini ina kwana. Don kada ta ajiye waya, na tambaye ta me ya sa ake ware gwamnati.

Ta ce, "In talaka bai biya ba, a ɗauke motarsa. Ta gwamnati wa zai ɗauka? Ke za ki je?"

Daga ranar na fara ajiya, ni da ko jiran tiram, jirgin cikin gari, ba na iyawa. In na samu dosiye uku masu rikitarwa, ɗaya nake kiranta a kai, sauran na gobe da jibi. Gaisuwar ta fi tambayar tsawo: ina gajiya, ina sanyi, yaya yara. Ta taɓa cewa, "In kin shigo Paris ki neme ni, mu ci tuwo."

Sai aka ɗaure damin aka sayar. Dosiye sun ƙare, aikina ma ya kusa. Na kira ta duk da haka.

"Wane dosiye ne, ƙanwata?"

"Babu, Yaya. Asabar zan shigo Paris."

"Ah bon? Madalla! Ina réunion, muna taro yanzu, ma yi magana."

A gida in an ce ki zo, zuwa ake yi. Na sayi dabino da alawa a unguwar Guillotière saboda yaranta, na hau bas.

Sai da na sauka a Paris na tuna lambar biro, wato ofis, kawai gare ni, kuma Asabar ba a aiki. Na kira, na sake kira. Muryar na'ura ce ke faɗa mini lokutan buɗewa. Na yi yawo a Goutte d'Or, unguwar ƴan Afirka, har la'asar, ina leƙen fuskokin mata masu ɗankwali, alhali ban san tata ba.

A bas ɗin komawa na cinye alawar. Dabinon na kai biro ran Litinin, na ajiye kusa da injin dafa kafe, ba wanda ya tambayi daga ina.