Na Sayar da Gidan Matata, Uwarta Tana Ciki

A wancan lokacin ni ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ƙaƙƙarfa, mai zafin nema, wanda ba ya son a ce masa ya yi kuskure. A Sudan aka haife ni, can na yi aure. Matata ita kaɗai ce a wurin iyayenta, kuma tun mahaifinta yana da rai ya mallaka mata gidansa a gaban shaidu, gida mai rijiya da itatuwan lemo. Da Turawa suka zo rubuta gidajen garin, ni na raka ta ofis. Magatakarda ya ce ba sai an sa sunan matar aure ba, na maigida ya isa. Ta dube ni, na ce mata takarda ce kawai. Ta yarda. Muka taho aikin hajji muka zauna, muka bar mahaifiyarta a gidan, tsohuwa ce, idonta ya fara mutuwa.

Matata tana soya waina a bakin tasha tana sayar wa alhazai, kullum zancenta ranar da za mu koma. Ni kuwa dako ya ishe ni, babbar mota nake so in riƙa kwasar kaya da ita. Wata shekara wani attajirin garinmu ya zo hajji, ya yi mini maganar gidan. Ya san na waye, ni ma na sani. Na ɗauko takardar na miƙa masa, muka gama ciniki. Ban tambaye shi yadda zai yi da tsohuwar ba, don ba na son in ji amsa. Da motar ta zo na ce wa matata wani Balarabe ne ya taimake ni. Har sadaka ta yi don murna.

Shekara biyu tana aika wa uwarta turare da mayafi ta hannun alhazai, ina kallo. Sai wata maƙwabciyarsu ta sauka daga jirgi, ta gan ta a bakin kasko, ta yi mata ta'aziyya. A nan ta ji komai: an fitar da tsohuwar da tabarmarta da butarta, ta ƙare kwanakinta a rumfar maƙwabta, tana lalube tana tambayar mutane ko 'yarta ta san abin da ake ciki. Matata ta dawo gida da rana tsaka ba kasko ba kuɗin ciniki. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne, sunana ne a takarda, in tana da ƙara ta bi Turawa ƙasarsu ta kai.

Ta kai ni gaban dattawan unguwa. Limaminmu ya ce a shari'a ko allurar mace miji ba shi da iko da ita sai da yardarta, in mayar da abin mutane. Na ce ai an riga an sayar. Aka rubuta wa danginta, suka je kotu a can, aka ce musu ko da Turawa sun tafi, rajistarsu tana nan, kuma sunan da ke ciki shi ya sayar. Da ta nemi in sake ta, sai na tuna mata cewa a fasfona take, iƙamarta, takardar izinin zama, a hannuna take, in na ga dama gobe a jefa ta jirgi, kuma ba ta da inda za ta sauka. Ni da na sayar da inda za ta sauka, ni na faɗa mata haka, ban ji kunya ba.

Ta zauna. Shekara goma sha ta yi tana dafa mini abinci, tana wanke mini tufafi, amma ba ta taɓa shiga motar nan ba. Ko asibiti za ta, a ƙasa take tafiya cikin zafin Jidda. Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita, na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce, "Malam, nawa na bar wa Allah. Na Inna kuwa ba nawa ba ne, ba na kyauta da abin da ba nawa ba." Bayan kwana uku ta rasu.

Yanzu na tsufa, idona ni ma ya fara tafiya, motar ta daɗe da zama ƙarfen banza. Na yi sadaka, na yi ɗawafi da sunan su biyun, amma ban san ko an karɓa ba. Na gane cewa dokar Turawa ƙofa kawai ta buɗe mini, ni na shiga da ƙafata. Ina roƙon maza masu karanta wannan: in sunanku ya hau kan gida ko gonar matanku, ku je ku gyara tun suna da rai. Mata kuma kada kunya ta hana ku cewa a rubuta sunanku. Ni waɗanda zan mayar wa hakkinsu duk suna ƙarƙashin ƙasa.