Jamusancin Bakin Gulbi

Shekarun baya, lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a Birnin Kebbi, ina da wata ɗabi'a da ko matata ba ta so maƙwabta su ji. Yare nake ƙirƙira. Wasu in an tashi aiki su nufi majalisa ko gidan kallon ƙwallo, ni sai in koma gidana a Gwadangaji in baje takardu a tabarma, ina ƙera wa mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba harshe.

A jami'a aka koya mana cewa Turanci da Jamusanci da yaren Holan 'yan gida ɗaya ne. Sai na ce a raina, to da wani ƙaninsu ya ɓace tun zamanin da, ya gangaro ya zauna bakin gulbinmu yana su, yaya bakinsa zai kasance yau? Na ɗebo saiwoyin kalmomi irin nasu na lanƙwasa. Na tsara nahawu, aikatau ya zauna a gurbi na biyu, in jumla ta rataya a jikin wata kuma ya koma can ƙarshe. Na zana haruffa masu tsaye-tsaye, irin waɗanda masunci zai iya kartawa da wuƙa a jikin kwalekwale. Har gaisuwa na yi musu. Ka ce "Stil watar di", wato ruwa ya kwanta maka, a amsa da "Unt ful net", taru ya cika.

Ina da aboki da muka yi wasan ƙasa tare, yana da shagon kwamfuta a Argungu. Shi na kai wa takardun ya buga mini su. Ya duba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yaren aljannu ne, in bi a hankali kada su zo karɓar kayansu. Ya riƙe su wata da watanni, kullum gobe. A ƙarshe ya maido mini, wai haruffan ba su cikin kwamfuta. Na karɓi abina har da godiya.

An fi shekara da yin haka, wata rana na shiga mota zuwa Argungu wajen sunan ɗan ƙanwata. Kusa da ni akwai wani magidanci mai kamala, leɓensa na ta motsi. Na ɗauka lazimi yake, na gyara zama don kada in takura shi. Can sai kunnena ya tsinci abin da yake maimaitawa. Jujjuya aikatau yake, a cikin yarena. Na leƙa takardar hannunsa, ga haruffana, rubutun hannuna, an yi fotokwafi har ya fara dusashewa.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na fara ji. Lafazinsa ya fi nawa tsabta. Har na fara murmushi kamar uban da ya ji ɗansa ya ce baba.

Na ce, "Malam, wanga karatu hwa?"

Ya ce, "Jamusanci na, Malam. Na cikin gida, wanda ba a samu ga waya."

Ya ba ni labari da fara'arsa. Ma'aikacin jinya ne, mutumin Gulma. Wani asibiti a Jamus ya yarda zai ɗauke shi aiki, da sharaɗin ya ci jarrabawar harshe da za a yi a Legas bayan Babbar Sallah, in ba haka ba a ba wani gurbin. Kusan shekara ke nan yana hawa mashin kowace la'asar zuwa Argungu ɗaukar darasi. Na tambaye shi haruffan nan fa, don ko a kwalin magani ai ya ga Jamusawa da boko suke rubutu.

"Ai su ma suna da ajaminsu, awa mu," in ji shi. "Malam ya ce sai mun ƙware ga ajamin kana mu shiga boko."

Kun ga inda ƙaryar ta samu gindin zama. Mutumin da ya tashi yana ganin kakansa na rubuta Hausa da ajami, shi yana rubuta ta da boko, me zai sa ya yi musu? Ban ma tambayi sunan malamin ba. Na ce in mun sauka ya kai ni.

Ban je wajen sunan ba. Bayan shagon abokina akwai rumfar kwano da bencina, cike da samari da 'yan mata da magidanta. Muna shiga suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ni da gaisuwar da na ƙirƙira a kan tabarmata. Abokina na tsaye gaban allo da alli a hannu. Da ya gan ni sai allin ya faɗi.

Ina jin kunyar faɗa, amma abin da idona ya fara kamawa shi ne ya sa aikatau a inda ba gurbinsa ba. Ɓarawo, kuma ko satar bai iya ba. Na juya na ce wa ajin, wannan abin da kuke koyo ba a jin sa a Jamus, ba a jin sa ko'ina a bayan ƙasa, ni na ƙirƙire shi a Gwadangaji.

Maimakon abokina ya sunkuyar da kai sai ya murje ido. "Kai da bakinka kac ce man ɗan'uwan Jamusanci na. Wanda ya iya Sakkwatanci ai shina jin Kananci."

Na ce, "Turanci ma ɗan'uwan Jamusanci na. Mi ya hana ka tura su Jamus hakanan?"

Sai ya juya ga ɗalibai ya ce hassada ce, na daɗe ina baƙin ciki da buɗin da Allah ya yi masa. Abin takaici, suka fara gunaguni, ni suke harara. Wani ya kunna labaran Jamus a waya, babu wanda ya tsinci komai, amma duk suka ce ai an gaya musu na rediyo daban yake. Wallahi saura kaɗan in ɗauki benci.

Da na rasa yadda zan yi, sai na juya ga mutumin Gulma. Na ce ya faɗa mini yadda ake cewa allura. Ya ce ba su zo wurin ba. Zazzaɓi? Jirgin ƙasa? Ƙanƙara? Duk ba su zo wurin ba, malam ya ce sai zango na gaba. Na ce ba za su taɓa zuwa ba, don ban ƙirƙiro su ba. Sannan na ce to tarwaɗa fa. Ajin ya amsa baki ɗaya. Karfasa, suka amsa. Giwan ruwa, suka amsa har da ɗoki, suna cikin amsawa muryoyin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Wace Jamus ta ad da giwan ruwa ba ta da allura?"

Mutumin Gulma ya ninke takardarsa a hankali ya sa aljihu. Bai zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko akwai yadda mutum zai koyi na gaskiyar kafin Sallah. Na so in yi masa ƙarya, na kasa.

Manya sun shiga maganar, aka rufe rumfar, abokina ya mayar da abin da ya iya mayarwa. Amma wa zai mayar wa mutum shekara? Mutumin Gulma ya je Legas duk da haka, ya faɗi, aka ba wani gurbin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu sulhun da suka ce ni ma da laifina, da ban ƙirƙiri shirme ba da ba a samu abin sayarwa ba. Har mahaifiyata cewa ta yi in yi haƙuri, abota ta fi takarda. Ban yi mata musu ba don uwa ce. Amma ban taɓa jin an yanka mutum an je an kama maƙeri ba.

Ni da abokina yanzu sai gaisuwar jana'iza. Mutane na cewa in manta, abu ya wuce. Ya wuce ɗin, na kuma daina neman a ba ni gaskiya. Abin da na koya dai shi ne, wanda ya fi kowa yi wa abinka dariya ba lallai ne ya raina shi ba, wataƙila kimanta shi yake. Yaren kuwa tun ranar ban ƙara masa ko harafi ba, na ɗaure takardun na jefa saman sif.

Bara na kai mahaifiyata wani ƙaramin asibiti wajen Argungu, ƙafa na damunta. Wanda ya zo yi mata allura shi ne mutumin Gulma, furfura ta fara fito masa. Na so in kau da kai, amma ya riga ya gane ni. Ya yi murmushi ya ce, "Stil watar di."

Na juya ina gyara wa mahaifiyata mayafi.

Ya ce, "Amsa mana, Malam. Duk duniya in ba kai ba, wa za ya amsa man?"

Na amsa. Na yi wa mutumin da aka yage wa taru addu'ar taru ya cika, da kalmomin da aka yage shi da su. Ya gyaɗa kai, ya juya ya ce wa mahaifiyata ta miƙo hannu.